Kamarar dako: yadda za ku zaɓe ta, ku kafa ta, ku san abin da ke cin bisashenku da dare

Darasin wannan karo ya samo asali ne daga wata matsala da na tarar a wata ruga arewa da Dakoro, lokacin ɗari, sa'ad da muka je yi wa tumaki da awaki lamba. Muna gama aiki sai shugaban ƙungiyar wurin, dattijo ne da ya haife ni, ya ja ni gefe ya ce: "Likita, allurarka mun gode, amma abin da ke ƙarar mana da ƴaƴan awaki ba ciwo ba ne. Cikin mako biyar mun rasa goma sha ɗaya, duk da dare."

Na tambaye shi: "Baba, me kuke tsammani?" Ya ce mutane sun rabu uku. Wasu sun ce kura ce. Wasu sun ce samarin wani zango da ke kusa ne ke sata, har an fara daina gaisawa a bakin rijiya. Wani kuma ya riga ya sayo maganin ƙwarin gona, yana jiran mushe ya barbaɗa masa ya ajiye a bayan shinge. Cikin su ukun nan babu wanda ya ga komai da idonsa.

A nan ne na kawo maganar kamarar dako. Na ba ta wannan suna ne saboda aikinta irin na maharbi ne da ke dako a bakin tabki: tana zaune shiru, sai abu ya gitta ta ɗauke shi. Masu binciken namun daji suna amfani da irinta a wurare kamar Termit da Tin Tuma, inda suke samun hotunan dabbobin da mutum zai shekara bai gani ba. Mu makiyaya ma tana da amfani gare mu, muddin an zaɓi wadda ta dace kuma an kafa ta daidai. Ni kaina na yi ɓarnar kuɗi da lokaci kafin in iya, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta muku abin da na koya.

Yadda take aiki

Ƙaramin akwati ne na roba, bai fi tafin hannu biyu ba. A gabansa akwai abu uku: idon ɗaukar hoto, ƙananan fitilu na dare, da wata ƴar taga mai jin ɗumi, wadda a takardar kamara ake rubuta ta PIR. Wannan tagar ita ce ke tada kamara. Idan wani abu mai ɗumin jiki ya motsa a gabanta, ɗuminsa ya bambanta da na ƙasa da itatuwan da ke bayansa, sai ta farka ta ɗauki hoto, ta rubuta rana da awa a ƙasansa, ta koma barci. Da rana hoton mai launi ne. Da dare fari da baƙi ne, domin fitilunta suna ba da wani haske da idon mutum ba ya gani sosai.

Ku riƙe wannan bayani na ɗumi, domin shi ne tushen yawancin matsalolin da ake samu a ƙasarmu. A bazara, watan Afrilu da Mayu, rairayi da iska kan yi zafi har su kai ɗumin jikin dabba. A lokacin, kare na iya wucewa da la'asar kamara ba ta ji shi ba. Haka kuma ciyawar da rana ta gasa, idan iska ta kaɗa ta, kamara na iya ɗaukarta a matsayin dabba. Da tsakar dare, musamman lokacin ɗari, ta fi aiki da kyau, kuma a lokacin ne muka fi bukatarta.

Kamara ba ta korar komai. Ba ta haushi, ba ta ƙara. Shaida kawai take ba ku, gyaran kuma naku ne.

Iri uku da za ku tarar

Kalmar "marar waya" da ƴan kasuwa ke faɗi tana rikita mutane, domin ba abu ɗaya take nufi ba.

Ta farko ita ce mai kati kawai. Tana ajiye hotuna a katin ajiya. Kuna zuwa ku ciro katin, ku sa shi a salula ko kwamfuta ku duba. Ita ce mafi araha, mafi jimirin batir, kuma ba ruwanta da rezo.

Ta biyu ita ce mai WiFi da Bluetooth. Wannan ba ta haɗuwa da intanet. Ita kanta ke buɗe ɗan ƙaramin rezo nata, sai ku matso kusa, kamar metir 10 zuwa 20, ku jawo hotunan cikin salula ba tare da kun kwance ta ba. Amfaninta shi ne ba a taɓa ta kullum, saitinta ba ya gocewa, kuma za ku iya ganin abin da idonta ke kallo a fuskar salula lokacin ɗaurawa. Wanda ya ce muku za ku ga hotunanta daga gida alhali tana daji, bai san kayansa ba.

Ta uku ita ce mai layin salula, wadda ake sa wa pus. Tana aiko da hoto ta rezon salula, yawanci 4G, ko kuna kasuwar Sakabal ko kuna Maradi. Ita ce mafi tsada, tana cin batir, tana cin forfe, kuma inda babu rezo ba ta fi mai kati kawai ba.

Shawarata ga ƙungiyar da za ta fara: idan wurin da ake ɓarnar yana kusa da gida, shingen garke ne ko bayan ruga, mai kati ko mai WiFi ta isa. Mai layi ta dace ne da wuri mai nisa, kamar tabki ko rijiyar da sai an yi tafiyar rabin yini, kuma sai kun tabbatar da rezo a wurin. Gwajin ba wuya: ku je daidai inda za a ɗaura ta, ku tsuguna, ku sauke salula kusa da ƙasa, ku aika hoto ta WhatsApp. Idan ya tafi ba da wahala ba, to. Idan sai kun hau tudu ko kun ɗaga hannu sama, ku haƙura da mai layi a wannan wuri.

Abin dubawa kafin ku biya kuɗi

1. Layi a buɗe. Kamara ta farko da na saya, an kawo ta ne daga waje. Da na buɗe sai na tarar pus ɗinta a haɗe yake da na'urar, na wani kamfanin Amurka, ana biyan kuɗin wata da katin banki. Babu ramin da zan sa layinmu. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi don kasuwar Amurka haka suke. Ku nemi wadda ke karɓar kowane pus, ku sa naku na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom a gaban mai shago, ku jira hoto ya iso salularku. Idan bai iso ba, kada kuɗi su fita daga aljihu.

2. Saurin farkawa. Lokaci ne tsakanin jin motsi da ɗaukar hoto. Ku nemi rabin daƙiƙa ko ƙasa da haka, za ku ga an rubuta 0.5 ko 0.3 ko 0.2. Mai nawa takan ba ku hoton wutsiya ko na fili.

3. Fitilar dare. Iri biyu ne. Mai lamba 850 tana haskawa nesa, amma idan ta kunna ana ganin ɗan ja-ja kamar garwashi. Mai lamba 940 ba a ganin komai, sai dai haskenta bai kai na waccan nisa ba. A bakin shinge nisan bai da yawa, kuma ba a so mai wucewa ya lura da ita, don haka na fi son 940.

4. Nisa. A kwali sukan rubuta metir 20 ko 25. Wannan a ƙasa mai sanyi ne, da babbar dabba. Don dila ko kare a wurinmu, ku yi lissafi da rabin abin da aka rubuta.

5. Rufi. Ku duba alamar IP66, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga kuma tana jure ruwan sama mai ƙarfi. Ku buɗe murfin ku taɓa robar da ta zagaye bakinsa. Idan ta tsage ko ta bushe, ƙurar hunturu za ta gama da kamarar cikin shekara guda.

6. Wuta. Yawancinsu suna ɗaukar pil ƙanana irin AA guda 8. Pil na rediyo masu araha ba sa kai kwana nawa, kuma zafi na sa su zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Hakan ya faru da ni, araha ba ta ado. Na litiyom sun fi jure zafi, sai tsada. Abin da ya fi sauƙi a tsawon lokaci shi ne kamara mai ramin wutar waje, a haɗa mata ƙaramin panno mai batir a ciki. Ku karanta ko bolt 6 take ci ko 12, kada ku yi kintace, domin wutar da ta fi ƙarfinta ƙona ta za ta yi.

7. Kati. Na giga 32 mai alamar 10 a cikin da'ira ya wadatar, kuma kusan kowace kamara na karɓarsa. Ku sayi biyu, ɗaya a ciki, ɗaya na canji.

Kada yawan megafiksel ya ruɗe ku. Lambobin nan manya da ke kan kwali sau da yawa hura hoton kawai aka yi. Ku ce a nuna muku hoton da ta ɗauka cikin duhu, shi ne ma'auni.

A sanar da mutane tukuna

Halin da ƙasa ke ciki na tsaro ya sa duk wanda ya tsinci akwati mai ido ɗaure a itace zai tsorata, kuma yana da gaskiya. Kafin a ɗaura, a gaya wa mai gari da ardo, a sanar da magajin gari, idan da hali a kai ta jandarmomi su gani su san ta ƙungiya ce. A rubuta sunan ƙungiya a jikinta. Makwabtan zango ma a gaya musu. A rugar da na ba ku labari, dattijon da kansa ya je wurin waɗanda ake zargi ya ce musu ga abin da za a kafa, kuma ranar duba hoto su turo mutum ɗaya. Wannan tafiyar tasa ta rage rabin zafin rigimar tun ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Ba a kafa ta inda mata ke ɗiban ruwa ko wanka, ko inda ake zagayawa, ko ta kalli cikin gidan wani. Idan hoton mutum ya shiga bisa kuskure, a goge shi, kada ya fita WhatsApp. Waɗanda ke kiwo a kewayen gandun Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018, su nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin su ɗaura komai a ciki.

Saiti

A yi shi a gida, cikin inuwa, kafin a tafi. Maɓallin yana da matsayi uku: OFF, sai TEST ko SETUP, sai ON. A tsakiyan ake yin saiti.

Ku fara da rana da awa. Hoton da awarsa ba daidai ba ya rasa rabin amfaninsa, domin sanin lokacin da abin ke zuwa shi ke nuna inda za a gyara. Duk sa'ad da kuka canza pil ku sake duba agogon.

Ku share katin daga cikin kamarar kanta, ba daga salula ba.

Ku zaɓi hoto maimakon bidiyo. Bidiyon dare na shanye batir, domin fitilu na kunne har ya ƙare. Hoto uku a jere duk farkawa ɗaya ya isa ya nuna dabbar da inda ta dosa.

Hutu tsakanin farkawa da farkawa: daƙiƙa 30 zuwa minti 1.

Ƙarfin jin motsi: matsakaici lokacin ɗari, babba lokacin zafi.

Awannin aiki: idan kamarar na kallon inda garke ke shiga da fita, ku sa ta fara bayan isha'i ta tsaya da asuba. In ba haka ba awakinku za su cika katin da hotunansu cikin yini biyu.

Ga mai layi: ku sa pus ɗin a salula tukuna ku cire masa lambar PIN, ku saya masa forfen intanet na wata, sannan ku mai da shi kamara tana kashe. Idan ta ƙi haɗuwa, akwai wani saiti mai suna APN da ofishin kamfanin layin zai gaya muku. Ku sa ta tara hotuna ta aiko sau ɗaya ko biyu a yini. Aikowa nan take kan kowane hoto na kashe batir da wuri, balle inda rezo ba shi da ƙarfi.

Zaɓen wuri da ɗaurawa

Ku fita da sassafe kafin garke ya tattake ƙasa, ku zagaya shinge kuna duban sawu. Ku nemi inda ƙaya ta kwanta, inda aka tona ƙarƙashi, inda gashi ya maƙale, inda aka ja abu. Dabbar dare tana da hanyarta, ba kasafai take canzawa ba. Yaran da ke kiwo sun fi kowa sanin waɗannan wurare, ku tafi da su.

Tsayi: don dila, kare da yanyawa, santimetir 40 zuwa 50 daga ƙasa, wato daidai gwiwar babban mutum. Idan kura ake zato, a ɗan ɗaga zuwa 60 ko 70. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ɗaura ta daidai ƙirjinsa, sai ƙananan dabbobi su wuce ta ƙarƙashi.

Fuska: arewa ko kudu. Na taɓa juya tawa gabas, da na dawo bayan kwana uku na tarar da ɗaruruwan hotunan hantsi, batir ya mutu. Rana mai fitowa da mai faɗuwa suna tada ta a banza, suna kuma wanke hoton.

Karkata: kada ta kalli hanyar kai tsaye, kada kuma ta yanke ta a gicciye. A sa ta a karkace, yadda dabbar za ta daɗe a gabanta tana tafiya. Tagar ɗumi ta fi jin abin da ke gittawa a kan abin da ke tahowa kai tsaye.

Tazara: metir 3 zuwa 5 daga hanyar. In ta yi kusa ƙwarai, fitila na mai da dabbar fari fat.

Madogara: itace mai kauri da iska ba ta kaɗawa, kamar aduwa ko gawo. Inda babu, a kafa turke mai ƙarfi, na ƙarfe ya fi saboda gara. Kada a sa ta inda shanu za su soshe jiki da ita. A kewaye bayanta da gefenta da ƙaya, a bar gaban a buɗe.

Sharewa: a cire ciyawa da rassan da ke gabanta har metir 3. Kada ta kalli murhu ko inda ake hura wuta.

Idan an gama, a sa maɓalli a TEST, a sa yaro ya rarrafa ta kan hanyar. Akwai ƴar fitila da ke ƙiftawa idan ta ji shi. A duba hoton, a gyara da ɗan tsinke a bayanta har hanyar ta zo tsakiya. Daga nan a tura maɓalli zuwa ON, a rufe murfi sosai. Mantawa da wannan mataki na ƙarshe ya taɓa cinye mini mako guda.

Kula da ita

A leƙa ta duk kwana uku ko huɗu. A kashe ta kafin a zare kati. A goge ido da tagar ɗumi da ƙyalle mai laushi, domin ƙurar hunturu na dushe su. A duba tururuwa da gizo-gizo. Da damana a sa ƴar jakar nan mai shan laima, irin wadda ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani. Idan za a ajiye ta fiye da mako biyu, a cire pil. A bar ta aƙalla dare 14 a wuri ɗaya kafin a ce babu abin da ke zuwa.

Abin da muka gani

Dare uku na farko ba mu samu komai ba sai zomo da jakin makwabta. Wanda ya sayo gubar ya fara yi mana dariya. A dare na huɗu, wajen ƙarfe uku saura, sai ga karnuka uku. Sun fito daga wajen kwarin da ake jefar da mushe, suka zo daidai inda ƙaya ta kwanta, babban ya tsallaka. Bayan kamar awa ɗaya dila ya zo shi kaɗai, ya shinshina, ya ɗauki abin da suka bari. Cikin dare 14 karnukan sun zo sau biyar. Kura ba ta fito ko sau ɗaya ba, mutum ma haka.

Da aka taru ana duba hotunan a salula, wuri ya yi tsit. Ɗaya daga cikin karnukan, mai yankakken kunne, na wani ɗan ƙungiyar ne. Shi da kansa ya ce: "Wannan nawa ne." Dattijon ya juya wurin mutumin da ɗaya zangon ya turo ya ce: "Ɗana, ka gaya wa iyayenka mun ɗauki alhakinsu, su yafe mana." Gani ya kori ji.

Da na sake tambaya game da gawarwakin da aka tsinta a baya, alamun sun dace. Kare yakan ciji cinya da kuiɓi, ya raunata da yawa, ya ci kaɗan. Dila yakan kama ƙaramar dabba a maƙogwaro, ya buɗe ciki ya ci kayan ciki. Kura takan ɗauke gaba ɗaya ko ta farfasa ƙashi, kuma sawun ƙafarta ta gaba ya fi na baya girma. Da an kira ma'aikacin kiwo tun gawa ta farko, da an rage zato.

Abin da hotunan ke nufi ga lafiyar garke

A wurina asarar ƴaƴan awaki ba ita ce mafi tada hankali ba. Karnukan nan uku babu wanda aka taɓa yi wa rigakafin haukan kare, suna kuma cin mushe wuri ɗaya da dila, da rana suna wasa da yara. Haukan kare na kama shanu, raƙuma, jakai, tumaki da mutane, kuma idan alamunsa suka bayyana babu magani. Duk wanda kare ko dila ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti ranar, kada a jira. Karen da ya yi cizon a ɗaure shi, a kira mu mu sa masa ido aƙalla kwana 10. Dabbar da aka tarar da rauni da safe, kada a taɓa raunin da hannu tsirara, kuma a ware ta. Dilan da ya shigo ruga da rana ba tsoro, ko karen da ke tafiya yana tangaɗi yana dalala, idan kun gan shi a hoto ku sanar da ma'aikatar kiwo nan da nan.

Na biyu, kwarin mushe. Shi ne ya koya wa karnukan cin nama, shi ne kuma ya jawo dila. Karen da ya ci kan tunkiyar da ta mutu da ciwon juwa, wanda ke sa ta riƙa zagaye wuri ɗaya, yana ɗaukar tsutsar a hanjinsa, ya zubar da ƙwanta a makiyaya, wasu tumakin su ci. Haka ma ƙullutun ruwa da kuke gani a hanta da huhu ranar yanka. Kada a jefa wa kare waɗannan, a binne ko a ƙona, a kuma riƙa ba karnuka maganin tsutsa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko dubura, ana zaton ciwon saifa: ba a feɗe ta, ba a jan ta, a kira mu, a binne ta a rami mai zurfin metir 2, domin ƙwayar cutar na rayuwa shekaru masu yawa cikin ƙasa. Bayan an binne, a juya kamara ta kalli ramin na mako guda, a ga ko wani abu na tonawa.

Na uku, guba. Mushen da aka barbaɗa wa magani ba ya zaɓe. Angulaye ne ke fara sauka, su mutu da yawa a kan gawa ɗaya, alhali su ne ke share mana daji. Sai karnukan gadi, sai kaji, wani lokaci har ruwan tabki. Namun daji kuma suna ƙarƙashin dokar farauta da kare namun daji ta 1998. Idan hoto ya nuna kura ko wata dabbar daji ce ke ɓarna, a kai hoton wurin ma'aikatan gandun daji a nemi mafita tare.

A rugar nan abin da aka yi ba mai tsada ba ne. An ƙara ƙaya, aka daddale ƙasan shinge. An yi wa ƴaƴan awaki ƙaramin ɗaki mai rufi a tsakiyar garke. An daina jefar da mushe. Masu karnuka sun yarda su riƙa ba su abinci da yamma su ɗaure su da dare, muka yi musu rigakafi, za a riƙa maimaitawa kowace shekara. Ɓarnar dare ta tsaya. Amma kafin damana sun sake rasa biyu da rana a wurin kiwo, inda kamara ba ta gani, kuma har yau ba a san abin da ya ɗauke su ba. Metir kaɗan da ke gabanta kawai take iya ba da shaida a kai.

Tsarin ƙungiya

Kamara ɗaya ta ishi ƙungiya, idan da tsari. A damƙa ta ga mutum biyu, ɗaya ya iya karatu. A buɗe littafi mai layi shida: rana, awa, wuri, irin dabba, yawanta, da inda ta fito. Duk asarar da aka yi ita ma a rubuta ta da ranarta, don a gwada da hotuna. A yanke ɗan kuɗin da mai aro zai bayar na pil da forfe. A ba kowane zango mako biyu, wanda ake yi wa ɓarna a fara da shi. Hotuna kuma a riƙa duba su a gaban mutane, har da wanda ake zargi.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne kafin haihuwar tumaki da awaki ta kankama, don a gyara shinge tun ƙananan ba su zo ba. Wanda ƙungiyarsu ke shirin saye, ranar da muka zo lamba ya kawo kwalin ko hotonsa mu duba tare kafin a biya, ya kuma taho da littafin asarar da aka yi bana. Allah ya tsare mana garke, ya ba mu damana mai albarka.